Filin Tambaya da Amsa: Waƙar da Mutum Yake Yi wa Kansa

Wasiƙun da na ware a wannan fitowa duk daga cikin garin Kaduna suka zo, kuma duk na mutanen da suke tsara waƙa ko kiɗa ne ba don su ci abinci da shi ba. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Unguwar Rimi. Tun ina ɗalibi nake tsara waƙoƙi, kuma ban taɓa nufin in zama mawaƙi ba, sha'awa ce kawai. Wayata cike take da guntayen waƙoƙin da na rera na naɗa, amma babu ko ɗaya da na kai ƙarshenta. Duk lokacin da na saurari abin da na naɗa sai in ji muryata ta yi rauni, kalmomin kuma ba su da nauyi idan na kwatanta su da na manyan mawaƙan da nake ji a rediyo, daga nan sai raina ya ɓaci in goge. Abin da a da yake sanyaya mini zuciya yanzu ya koma yana hana ni barci. Shin in haƙura in bari ne, tunda alama ta nuna ba ni da baiwar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina roƙonka ka daina gogewa, domin a cikin duk abin da ka ambata shi kaɗai ne ba ya gyaruwa. Baitin da ya karye ana iya ɗora shi gobe, muryar da ta shaƙe tana iya washewa jibi, amma amon da ka goge cikin fushi da tsakar dare ya tafi ke nan, kuma da wuya ya sake dawo maka yadda ya zo da farko.

Batun baiwa kuwa, ban ga alamar a nan matsalar take ba. Matsalar tana wajen ma'aunin da kake auna kanka da shi. Waƙoƙin da kake ji a Rediyon Tarayya na Kaduna, gidan da ya fara aiki tun 1962 kuma ya naɗi muryoyin manyan makaɗan ƙasar Hausa, waƙoƙi ne na mutanen da waƙa ce abincinsu. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo yana da ubangida, ubangidan nan kuma yana kewaye da fadawa masu kunne, waɗanda suka san asalin gidan sarauta kaka da kakanni. Idan makaɗi ya tsallake sunan wani kaka, ko ya jefa zambon da bai sami wanda aka nufa ba, ko 'yan amshinsa suka karɓa a karkace, to doki da rigar da ake sa rai suna iya kuɓucewa, wani lokaci ma har da matsayinsa a fada. Shi ya sa irin waɗannan makaɗa suke zama da mutanensu su kafa gindin waƙa, wato layin da ake ta maimaitawa, su jera 'ya'yanta, wato baitocin da suke biyo bayansa, su yi ta maimaitawa har ta zauna daram kafin a kai ta gaban sarki. Kyan tsarin da kake ji a waƙoƙinsu larurar sana'a ce ta haife shi, ga kuma shekaru masu yawa na yin abu ɗaya dare da rana. Kai kuwa da safe kana gaban allo, albashinka bai rataya a kan baiti ba, babu sarkin da yake jiranka, babu mai biki da ya ba ka kafin alƙalami. Ka ɗora wa kanka nauyin da su suke ɗauka, alhali ladan da ake biyansu a kansa ba ya zuwa hannunka.

Ko a cikin masu sana'ar ma ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a tsakiyar taro, kalangai suna tashi yana jefo ɗa bayan ɗa. Wanda ya saurari waƙarsa guda a naɗi biyu daban-daban zai ji ba su zo daidai ba, domin a nan ya ƙara wani abu, a can ya bar wani, a wani wurin kuma ya maimaita layi yana jiran na gaba ya zo masa. Kowace rerawa ita ce waƙar a wannan rana, kuma hakan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Tunanin cewa waƙa tana da siffa guda ta ƙarshe wadda ba ta da aibi, faifai da kaset da situdiyo ne suka koya wa kunnuwanmu shi. A situdiyon yau mawaƙi yakan rera layi ɗaya sau da yawa, mai haɗa sauti ya zaɓi wanda ya fi daɗi ya manna shi da na gaba, kwamfuta kuma ta daidaita muryar da ta kauce. Da wannan kake kwatanta muryar da ka naɗa a ɗaki da wayar hannu, bayan ka wuni kana magana cikin ƙurar alli.

Raunin da kake ji a muryarka ma yana da dalili wanda bai shafi baiwa ba. Lokacin da mutum yake magana ko waƙa, yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iskar da ke shiga kunne da kuma ta ƙasusuwan kansa, kuma wadda take bi ta ƙashi tana ƙara mata kauri. Na'urar naɗi ba ta ɗaukar wannan ɓangare, saboda haka kusan kowa yakan ji muryarsa ta sirance idan aka kunna masa ita, har ya yi musun cewa tasa ce. Iyalinka da ɗalibanka wannan muryar suke ji kullum, kuma ba su gudu ba.

Neman kamala ba ya barin manya ma, kuma akwai wanda ya kamata ka san labarinsa. Jan Sibeliyus, mashahurin mai tsara kiɗa na ƙasar Finlan, ya kammala manyan kaɗe-kaɗe bakwai na irin waɗanda ake kira simfoni, wato dogon kiɗan da taron makaɗa masu yawa suke yi tare, na bakwai ɗin a 1924. Ya shafe shekaru yana fama da na takwas, masu shirya taron kiɗa a Turai da Amurka suna jira, yana alkawari yana ɗagawa, har a cikin shekarun 1940 ya zuba takardunsa a murhun gidansa ya ƙone. Ya rayu har 1957, kuma 'yan guntaye ne kawai suka tsira daga wannan aiki. Shi aƙalla yana da uzuri, tunda duniya ta zuba masa ido kuma yana tsoron ya kasa kai matsayin da ya riga ya kafa wa kansa. Kai ba wanda ya zuba maka ido, don haka ban ga dalilin da zai sa ka yi wa wayarka abin da ya yi wa takardunsa ba.

Ina zargin sana'arka ma tana da hannu a ciki. A lissafi amsa ɗaya ce daidai, sauran duk kuskure ne, kuma hannunka ya saba da jan biro. Layin waƙa kuwa yana iya zuwa ta hanya huɗu ko biyar, kowace da daɗinta, wanda ya tsaya neman wadda ita kaɗai ce daidai zai daɗe bai wuce baitin farko ba.

Shawarata ita ce ka raba ranar ƙirƙira da ranar dubawa. Ranar da amo ya zo maka, ko da kana cikin Keke Napep ne a cunkoson Kawo, ka naɗe shi yadda ya zo, da kalmomin cike gurbi idan na ainihi ba su iso ba, kada kuma ka saurara a daren. Ka bar shi mako uku ko wata guda sannan ka buɗe, domin a lokacin kunnenka ya manta da abin da ka yi niyyar yi, zai ji abin da ka yi ne kawai, kuma mafi yawan ɓacin ran da kake ji daga tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu yake fitowa. Bayan haka ka sassauta abin da kake kira kammalawa. Gindi guda da 'ya'ya biyu ko uku waƙa ce cikakkiya, kuma waƙoƙin gaɗa da yawa ba su fi haka ba, ga shi sun daɗe a bakin mutane fiye da dogayen waƙoƙi masu yawa. Ka zaɓi guntu ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ka ba shi yammacin Asabar guda, kafin a kira magariba ka rera shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa ba, ka sa masa suna da kwanan wata, ka ajiye. Abin da ka lura bai yi maka ba a cikinsa, waƙa ta gaba ce za ta ci moriyarsa. Sai dai idan ka ga rashin barcin ya ci gaba, rashin jin daɗin kuma ya wuce waƙa ya shafi abinci da aiki da zama da iyali, to wannan magana ce ta likita, kada ka tsaya a kan amsata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Barnawa. Idan na dawo daga aikin dare nakan rera wasu waƙoƙi da ni nake ƙirƙirarsu, ina girki ko ina lallashin yaro, kuma suna sauke mini gajiya ƙwarai. Kwanan baya surukata ta ji ni, ta ce gidansu ba gidan maroƙa ba ne. Abokan aikina kuma da suka ji wata daga ciki sun dame ni cewa in sa a TikTok, wai ina ɓarnar baiwa. Yanzu na rasa na yi, ina jin kunya idan na rera, ina kuma jin kamar na yi asara idan na ɓoye.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike yi ya girmi rediyo, kuma matan ƙasar Hausa ne suka fi kowa riƙe shi. Kafin injin niƙa ya shigo unguwanni, mace takan durƙusa a gaban dutsen niƙa da asuba tana rera waƙa daidai da kai da komowar hannunta, ta sa sunan ɗanta da ya tafi ci-rani, ta sa kewar gidansu, ta kuma sa habaici ga wanda ya ɓata mata rai jiya. Haka masu daka suke yi idan lugude ya kankama, haka mai reno take yi wa jariri, haka matan da suka taru wajen daɓen ɗaki. Babu wanda ya biya su, babu wanda ya tsaya ya duba ko layinsu ya daidaita, kuma babu wanda ya kira su maroƙa. Roƙo a al'adarmu sana'a ce sananniya mai ƙa'idojinta, a wasa mutum, a ambaci asalinsa da alherinsa, domin a karɓi abin hannunsa, kuma ba raina masu ita nake yi ba, tunda tarihin gidaje da yawa a bakinsu ya tsira. Amma wadda take rera wa kanta waƙa a madafa ba ta wasa kowa ba, ba ta kuma miƙa wa kowa hannu ba.

Idan ana maganar mutunci ne, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma da rerawa 'yan taru, wato matan da suka yi karatu a wajenta, suka riƙa kai su ga matan ƙauyuka. Abin da malamai suka yi saɓani a kansa shi ne kayan kiɗa da kuma abin da waƙar ta ƙunsa, wannan fili kuwa ba na fatawa ba ne, don haka idan zuciyarki tana da shakka ta wannan fuska ki tambayi malamin da kike karatu a wajensa.

Game da surukarki, ban ba ki shawarar ki yi mata wannan dogon bayani ba, domin babba ba ya son a karanta masa tarihi a gidan ɗansa. Ki rage murya idan tana kusa, ki ci gaba da abinki a ɗakinki. Wata rana kuma idan kun zauna cikin raha, ki tambaye ta irin waƙar da mahaifiyarta take yi wa yara idan suna kuka. Mai shekarunta da wuya a ce ba ta riƙe ko ɗaya ba, kuma wadda ta rera miki waƙar reno da bakinta zai yi mata nauyi ta sake kiran taki roƙo.

Maganar abokan aikinki ce ma ta fi ba ni tsoro, duk da cewa da kyakkyawar niyya suka yi ta. A zamanin nan an ɗauka duk abin da mutum ya iya dole ne ya koma haja, kuma abin da ba a nuna wa duniya ba asara ne. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki kiɗan ƙwarya na cikin gida ta mai da shi sana'a, ta kuma yi suna da shi, amma ita ta zaɓi wannan rayuwa da duk abin da ke cikinta, tafiye-tafiye da biyan 'yan amshi da jure maganar mutane. Ke kin faɗa da bakinki cewa amfanin waƙoƙin nan a wajenki shi ne sauke gajiya. Ranar da kika sa ɗaya a intanet, za ki fara leƙa waya kina duba mutum nawa suka kalla, wani zai ce muryarki ta yi kaza, wani zai ce kin kwaikwayi wance, kuma waƙa ta gaba da za ta zo miki a madafa za ki tsara ta ne da waɗannan mutane a zuciyarki. Daga nan ta zama aiki na biyu bayan aikin dare. Ga shi kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa, ko da ta WhatsApp kika tura wa mutum ɗaya, ba ki da iko a kan inda zai kwana. Idan a cikin waƙoƙin akwai ɗan habaici ga dangin miji, kamar yadda na iyayenmu ba sa rasawa, to kin ga dalili ya ƙaru.

Idan kina son wani ya ji, ki rera wa ƙawa ɗaya ko biyu ido da ido, an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan kuma wata rana ke da kanki kika ji kina son fitar da su, ba don an matsa miki ba, ƙofar tana nan a buɗe, sai ki yi shawara da maigidanki ki shiga da shiri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniya, ina zaune a Rigasa. Ina haɗa kiɗa a kwamfuta da manhajar FL Studio don nishaɗi kawai. Matsalata ita ce nakan kwana ina canza sautin ganga ɗaya, in sa wannan in cire in sa wancan, har gari ya waye ban ƙara komai ba. Ina tunanin ko don ba ni da makirufo mai kyau da fiyano ne, kuma ban iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Shin in tara kuɗi in sayi kayan, in kuma nemi mai koya mini?

AMSA: Barka kadai, ƙanena. Kada ka taɓa kuɗin makarantarka saboda wannan, domin abin da yake damunka yawan kaya ne, kuma ƙarin kaya zai ƙara shi. Manhajar da kake amfani da ita tana ba ka sautuka masu ɗimbin yawa, kowanne kuma ana iya murɗa shi ta fuskoki da dama, don haka kullum akwai sauran wanda ba ka gwada ba, kuma zuciya tana raya maka cewa shi ne mafi kyau. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi rayuwarsa ta waƙa da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, kuma da shi ya zaga ƙasashe. Wanda yake da tsirkiya ɗaya ba shi da abin da zai kwana yana zaɓa, dole hankalinsa ya tafi ga abin da zai faɗa da yadda zai kaɗa. Ka yi wa kanka irin wannan iyaka da gangan. Kafin ka fara, ka zaɓi sautuka uku ko huɗu cikin minti goma, ka ɗaure wa kanka cewa ba za ka canza su ba har sai kiɗan ya kai ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya shafi kunne. Idan ka maimaita sauraron gaɓa ɗaya na tsawon sa'o'i, kunne yakan gaji ya daina bambancewa, har abin da ya yi maka daɗi da ƙarfe goma ya koma ba ya yi da ƙarfe biyun dare, alhali ba abin da ya canza sai kai. Hukuncin da ka yanke a wannan lokaci ba abin dogaro ba ne. Ka riƙa tashi kana hutawa, ka kuma rage ƙarar abin sauraro na kunne, domin jin da ya lalace saboda ƙara ba ya komawa yadda yake. Murya kuwa wayarka ta isa ta naɗe ta, muddin ka zaɓi lokacin da janaretocin unguwa suka yi shiru, ka kuma tsaya kusa da labule ko katifa, waɗanda suke shanye amsa-kuwwar ɗaki.

Rubutun kiɗa ilimi ne mai amfani, ka koye shi idan yana ba ka sha'awa, amma ba sharaɗi ba ne, tunda makaɗan kalangu da kotso da goge da gurmi da kunne suka koya, da kunne suka koyar. Tunda kuma kai ɗalibin kimiyya ne, ka san da Alekzanda Borodin na ƙasar Rasha, wanda malamin ilimin sinadarai ne a makarantar likitanci ta birnin San Fitasbag, yana tsara kiɗa ne kawai a ranakun hutu da lokacin da rashin lafiya ta hana shi zuwa aiki. Babban wasan kwaikwayonsa na waƙa ya ɗauke shi shekara 18, ya rasu a 1887 bai gama ba, abokansa biyu suka ƙarasa aka nuna shi a 1890. Bai bar aikinsa na malanta don kiɗa ba, kuma har yau ana kaɗa abin da ya bari. Ka ba kiɗan yammacin Juma'a ko na Lahadi, daren kuma ka bar wa barci da karatu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ɗana. Ni dattijo ne a Tudun Wada, na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har aka rufe ta. Tun daga lokacin nake rubuta waƙoƙi a littafi, na wa'azi da na tuna zamanin aiki, ina rera wa jikokina. Wani mai ilimi ya duba littafin ya ce karin waƙoƙin a karye yake, domin ban karanta aruli, wato ilimin awon karin waƙa, ba. Tun ranar ban sake rubuta komai ba. Yaya zan gane ko gaskiya ya faɗa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mutumin nan duba littafi ya yi, bai ji ka rera ba, kuma a waƙar Hausa ido yana yaudara. Karin waƙarmu yana tafiya ne a kan nauyin gaɓoɓi. Gaɓar da ta ƙare da gajeren wasali marar nauyi ce, wadda ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi kuma mai nauyi ce, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali. A takarda gida da doki kamar tsawonsu ɗaya, kowanne harafi huɗu da gaɓa biyu, amma a baki gaɓar farko ta gida gajera ce, ta doki doguwa, saboda haka gida yana tafiya da ruwa, doki kuma yana tafiya da hanya. Wanda ya ƙirga da ido kawai yana iya ganin karaya inda babu, ya kuma wuce inda take.

Ilimin aruli daga Larabci ya zo, kuma gaskiya ne malamanmu sun gina waƙoƙi da yawa a kan ma'aunansa, amma shi bayani ne na abin da kunne ya riga ya sani. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne tun yana yaro, a ka yake tsarawa yana rerawa wasu suna rubutawa, kuma waƙoƙinsa suna cikin waɗanda ake koyarwa a jami'o'i. Marubuta waƙa da dama kuma sun ɗora baitocinsu ne a kan karin wata waƙa da suka riga suka sani, ko ta makaɗa ko ta makarantar allo, kuma ba a ɗauki hakan aibi ba.

Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne, Baba. Ka ɗauki baitin farko na kowace waƙa ka rera shi da amon da ka saba, kana buga yatsa a gwiwa. Sai ka rera sauran baitocin da wannan amo da wannan bugu ba tare da ka canza ba. Duk inda harshenka ya wuce sumul, to kari ya tsaya. Inda ka ji dole sai ka ja wata kalma fiye da yadda ake faɗinta, ko ka haɗiye wata gaɓa don ka cim ma bugun, ka sa ɗigo da fensir a gefen layin. Galibi sauya kalma ɗaya da 'yar'uwarta mai ma'ana ɗaya, ko gabatar da wata a jinkirta wata, yana wadatarwa. Amsa-amo kuma ka duba gaɓar da baitocin suke ƙarewa da ita, idan ka fara da wata ka riƙe ta har ƙarshen waƙar. Layin da ya ƙi gyaruwa bayan ka gwada sau biyu ko uku, idan maganar da ke cikinsa gaskiya ce kuma jikoki suna karɓa, ka bar shi yadda yake ka wuce gaba. Waƙoƙin zamanin masaƙa kuwa ina roƙon ka sa ɗaya daga cikin jikokin ya naɗe su da waya kana rerawa, ya rubuta sunan kowace da ranar da aka naɗa, domin littafi yana riƙe kalmomi ne kawai, amon sai an naɗa.